Shafi Biyu da Na Aika Gassi

Zainabu, Usman, Rabi'u, kun girma da wannan magana a kunnuwanku, kuma ba wanda ya taɓa tambayata a cikinku, ko don kunya ko don tausayi, ban sani ba. Abin da kuka ji a makaranta da bakin famfo a unguwar Ambassatna shi ne ubanku ya sayar da sunayen marasa lafiya. Ban sayar da sunan kowa ba. Amma ba zan ce muku hannuna fes yake ba, don na tsufa da yi muku ƙarya. Zan faɗa muku yadda abin ya faru, da nawa laifin da na wasu, ku auna da kanku.

A lokacin ina aiki da wata ƙungiya mai raba magani ga masu ƙanjamau, SIDA kamar yadda ake cewa a garin nan. Ni ne mai kula da ordinata, wato kwamfuta, a biro, ofishin ƙungiyar. Shekara tara kafin daminar da abin ya faru na rubuta musu manhajar da ke riƙe da sunayen masu karɓar magani, da wani harshen ordinata da ake kira Java. Aikinta mai sauƙin faɗa ne. Za ta karɓi sunan mutum, ta juya shi da wani mabuɗi na sirri, ya koma tarkacen baƙaƙe da lambobi waɗanda ba mai iya karantawa. Mu kulle suna muke ce wa wannan. In sunan ɗaya ne kuma mabuɗin ɗaya ne, kullum tarkace iri ɗaya ne zai fito, da haka ake gane mutum ba tare da an ga sunansa ba. A cikin shekara taran nan ko suna ɗaya bai fita daga biron ba, kuma ina alfahari da hakan fiye da kima.

Ina da wata ɗabi'a da ya kamata ku sani. A biro ana rubuta sunaye da manyan baƙaƙe irin na Faransanci: KASSIM, DAHIROU, FATIME. Ni kuwa abin yana ci mini rai. Kakana ya baro ƙasar Kano da ƙafa zai je Makka, ya tsaya a bakin kogin nan har ya rasu, kuma abin da ya bar mana da ba a iya sayarwa shi ne harshe. Don haka duk sunan Bahaushe da ya biyo ta hannuna sai na gyara shi, na sa masa baƙinsa mai lanƙwasa: Ƙasimu, Ɗahiru, Faɗimatu, Ɗayyabu. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya hana ni. Haka ake buga su a katin kowane mara lafiya.

A cikin sunayen da na gyara akwai na Ƙasimu tela, mai shago a unguwar Abena. Tare muka yi karatun allo da shi, shi ya ɗinka rigar da na sa ranar ɗaurin aurena da uwarku. Ranar da dosiyensa na mara lafiya ya zo teburina na rufe ƙofa na zauna ban iya taɓa komai ba. Shekara shida ina zuwa shagonsa muna shan shayi, ya san na sani, na san ya san na sani, ba wanda ya taɓa ɗago maganar. Maganin ya karɓe shi, ya yi ƙiba, ɗinkin Sallah har ya fi ƙarfinsa.

A shekarar da nake ba ku labari aka yanke shawarar a mai da rabon magani wani ƙaramin asibiti a Gassi, a rage cunkoso da idon jama'a a tsakiyar gari. Ma'aikatan can za su riƙe waya. Waya ta karanta katin mutum, ta kulle sunan, ta aiko mana da kullen, mu kuma mu nemi irinsa a wajenmu. In sun yi daidai a ba shi magani. Ana bukatar mai rubuta manhajar wayar, ni da bakina na kawo sunan kawunku Abakar, ƙanen uwarku, wanda ya dawo daga karatu a Yamai yana zaune ba aiki. Madam, shugabar biron, ta ce ba ta son dangi a wurin aiki. Na ce mata ni na tsaya masa. Ya rubuta nasa ɓangaren da wani harshe daban, Python, wanda a lokacin nake wa kallon abin wasan matasa.

Gwajin farko ko suna ɗaya bai haɗu ba. Suna ɗaya, mabuɗi ɗaya, hanyar kullewa ɗaya, amma abin da ke fitowa a wajensa daban, nawa daban. Sati biyu muka yi muna bin abin. Muka gano ni na rubuta mabuɗin a matsayin rubutu, shi kuma manhajarsa tana karanta shi a matsayin lambobi. Muka gyara, bai haɗu ba. Muka gano in suna bai cika ma'auni ba, kowane harshe da irin cikon da yake ƙara masa. Muka gyara. Sai kuma lambar farawa, wadda tawa ke ɗauka guda ɗaya kullum, tasa kuma take canza sabuwa kowane lokaci. Ranar da muka daidaita wannan, sunaye suka fara haɗuwa ɗaya bayan ɗaya, Abakar ya yi tsalle har ya ture kofin shayi. Duk waɗannan gyare-gyare a ɓangarensa aka yi su, don nawa ya riga nasa, shi ne zai bi ni. Wannan ya ƙara mini tabbacin cewa duk wata matsala daga wajensa take.

Da muka bi jerin gaba ɗaya, sai ga wasu sunaye sun ƙi. Ba su da yawa, in an buga su shafi biyu ne. Ni ban duba su wane ne ba, lambobinsu kawai nake gani. Abakar ya zo teburina da safe ya tsaya, bai zauna ba.

"Yaya, mu ɗauki suna ɗaya cikin waɗanda suka ƙi. Kafin a kulle shi, ka buga lambobin baƙaƙensa a naka, ni ma in buga a nawa, mu jera su mu gani."

"Nawa shekara tara yana aiki," na ce masa. "Sau uku muka nemi kuskure, sau uku a gidanka muka same shi. Koma ka nemi na huɗu."

"To ka bar ni in karanta naka, ko na minti goma."

"Ranar da na rubuta shi kana aji nawa?"

Ya koma wurinsa. Sau uku ya roƙe ni a satin nan, na ukun a gidanmu ne, ranar Alhamis da rana ana cin abinci. Uwarku Hadiza ta ajiye kwanon miya ta dube ni.

"Baban Zainabu, me zai ragu a jikinka in yaron nan ya duba? Kai ka kawo shi."

Na ce mata aikin biro ba na tsakar gida ba ne. Inna, kakarku, tana kan tabarmarta tana jan carbi, ba ta ko ɗago kai ba ta ce:

"Idi, tun kana ƙarami in ka rubuta allo ba ka yarda wani ya duba maka. Malam har dukanka ya yi a kan haka."

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Abakar ya wanke hannu ya tafi bai gama cin abincin ba.

Washegari Juma'a Madam ta kira mu ofishinta, ni da shi. Ranar Litinin za a buɗe Gassi, an riga an gaya wa marasa lafiya, an kwashe maganin an kai can. Waɗanda sunayensu suka ƙi haɗuwa, in sun je waya za ta ce ba ta san su ba, kuma wannan magani ba a tsallake masa kwana. Na roƙe ta a ɗaga da sati ɗaya. Ta ce baƙi za su zo buɗewar, ba a ɗagawa. Na ce to waɗannan su ci gaba da zuwa tsohon wuri. Ta ce an mai da makullin ɗakin ga mai gida. Sannan ta faɗi maganar da har yau zan iya maimaita ta da Faransancinta:

"Ka buga sunayen a takarda, ka sa a ambulan, direba ya kai wa babbar nas. Sati ɗaya ne kawai. Kalas, na gama magana."

Ni na rubuta dokar biron da ta ce ba a fitar da suna a buɗe. Ina iya cewa a'a. Ina iya cewa ta rubuta umarnin ta sa hannu. Ina iya juyawa ga Abakar, wanda ke tsaye a gefena, in ce masa zo mu zauna yau da gobe mu duba nawa. Duk ukun sun zo mini a rai, na ƙarshen ya fi daɗewa. Amma in na yi haka a gaban Madam, na yarda ke nan wataƙila laifin nawa ne. Na koma teburina na buga takardar. Da ta fito daga na'ura na ga sunayen a karo na farko, na ga Ƙasimu a layi na huɗu, na ga kusan duk mutanenmu ne na Ambassatna da Abena. Na yi mamaki, amma lokacin masallaci ya matso, direba yana jira. Na liƙe ambulan, na sa hannu a kan bakinsa, na ba shi.

Ranar Asabar da Lahadi abin bai bar ni na huta ba. Me ya sa Hausawa kawai? Ranar Talata da safe, bayan an yi buɗewa an ci an sha, na kira Abakar na ce ya jawo kujera. Muka ɗauki sunan Ƙasimu, muka buga lambobin baƙaƙensa kafin kullewa, kamar yadda ya roƙa tun farko. Duk sauran baƙaƙen daidai suke. Na farkon ne kawai ya bambanta. A wajensa Ƙ lambobi biyu ne. A wajena lamba ɗaya ce, kuma ba ta Ƙ ba ce, ta alamar tambaya ce. Manhajata tana aiki da wani tsohon jadawalin baƙaƙe na Turawan Yamma wanda bai san da ƙ da ɗ da ɓ ba, duk inda ta gamu da su sai ta sa alamar tambaya ta kulle hakanan. Shekara tara tana yin haka ba wanda ya gani, saboda ita kaɗai ke kullewa, ita kaɗai ke nema, kuskurenta yana haɗuwa da kuskurenta. Layi ɗaya aka gyara, aka gaya mata ta yi amfani da jadawalin da ake kira UTF-8 irin na Abakar, aka sake kulle waɗannan sunaye. Ba mu yi awa ɗaya ba komai ya haɗu. Abakar bai ce ai na faɗa maka ba. Ya tashi ya kawo mini ruwa.

Na kira Gassi na ce a ƙona takardar. Babbar nas ta ce to. Abin da ba ta gaya mini ba shi ne, ranar Litinin an yi ruwa, rufin ɗakin yana yoyo a kan tebur, sai wani ya manna takardar a bango kusa da tagar ba da magani don kada ta jiƙe. Yini guda tana nan, a wurin da duk mai leƙowa zai gani. Har yau ban san wanda ya ɗauki hotonta ba. Kafin Juma'a ta zagayo hoton yana cikin wayar kowa a unguwa. A samansa sunan ƙungiyar, wanda kowa ya san aikinta. A ƙasansa, da ƙananan baƙaƙe, sunan wanda ya buga takardar, kamar yadda na'urar ke sawa da kanta. Sunana.

Mutane suka duba suka ga ba Balarabe, ba Basare, ba Bagorane, ba wata ƙabilar garin a ciki, sai mu Hausawa. Wa zai yarda cewa baƙi mai lanƙwasa ne ya zaɓe su? Aka ce na tsince su ne da gangan. Wasu suka ce wani ɗan kasuwa ya biya ni don ya karya abokan hamayyarsa, wasu suka ce tsohuwar gaba ce tsakanin gidanmu da wasu gidaje. An fasa aure biyu da na sani. Wata mai sayar da ƙosai a bakin titinmu ta daina fitowa. A masallaci mutumin da ke gefena ya ja da baya ya bar gurbi a sahu.

Manya suka zo daga hedikwata yin bincike. Madam ta ce ita ta ce ne kawai a nemi mafita, ba ta taɓa cewa a buga suna ba, kuma ni na fi kowa sanin doka tunda ni na rubuta ta. Na ce akwai shaida, Abakar yana ɗakin. Aka kira shi. Ina zaune ina kallonsa. Ya sa hannuwansa a tsakanin gwiwoyinsa ya ce:

"Ina wurin, amma ban riƙe kalmomin da aka yi amfani da su ba."

Mutumin da yake riƙe lambobi talatin da biyu na mabuɗi a ka. Aka tambaye shi ina kuskuren ya fito, ya faɗi gaskiya, a manhajata. Aka tambaye shi ko ya nemi ya duba tun da wuri, ya faɗi gaskiya, sau uku. Gaskiyar da ta shafe ni duk ya riƙe ta. Wadda ta shafi Madam ce kawai ta ɓace masa. A ƙarshen wata aka sallame ni. Wata biyu bayan haka aka ba Abakar kujerata. Madam ta yi shekara uku a wurin, aka ƙara mata girma ta tafi wata ƙasa.

Uwarku ta sha wahalar da ba ta jawo ba. Ta je gidan Abakar ta yi masa faɗa, ta dawo tana kuka, ta ce ya ce matarsa na da ciki, in ya faɗa su biyu za a kora, ba abin da zai gyaru. Na ce mata kada ya sake taka ƙofar gidana. Ta ce:

"Ƙanena ne, Baban Zainabu. Ni na goya shi."

Na ce ban hana ta zuwa ba. Shekara da shekaru tana zuwa ita kaɗai, ranar Sallah ta ci rabin abinci a can rabi a nan.

Bayan bazuwar hoton, sai da na yi kwana goma kafin na iya zuwa Abena. Da hantsi na je. Shagon Ƙasimu a buɗe yake, amma igiyar da yake rataye ɗinkin mutane ba komai a kanta, duk sun zo sun karɓe yadinsu, wasu ko yankawa ba a yi ba. Yana zaune a bayan keke yana sa masa mai. Ya rame a kwana goman nan. Ya nuna mini benci, bai kawo shayi ba.

"Idi, shekara shida ka riƙe. Me ya same ka?"

Na yi masa bayani tun daga farko, har da jadawalin baƙaƙe, har da yadda na gyara sunansa na sa masa Ƙ don a rubuta shi yadda uwarsa ta kira shi. Ya saurara har na gama. Sai ya yi wata 'yar dariya.

"Ni ko boko ban yi ba, Idi. Ban san bambancin abin da ka rubuta da nasu ba. Kassim ɗin da suke rubutawa ya taɓa hana ni cin tuwo?"

 Na roƙe shi ya ci gaba da shan magani, na ce zan samu wanda zai riƙa karɓo masa. Ya ce ba zai sake ba kowa sunansa ba. Bayan wata ɗaya ya sayar da keken, ya ƙetare kogi ya koma Kusiri wajen 'yar'uwarsa. Na je sau biyu, aka ce mini yana barci. Damina ta gaba ba ta ƙare ba aka kawo gawarsa. Na je jana'iza. Da na matsa zan kama makara, babban ɗansa ya sa hannu a ƙirjina, a hankali, ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Baba Idi, an isa."

Na koma baya na bi su daga nesa.

Sauran kun gani da idonku: teburin gyaran waya da na kafa a bakin kasuwa, da tashinmu daga gidan kakana a Ambassatna zuwa ɗaki biyu a ƙarshen Gassi, inda ba wanda ya san mu. Inna ta ƙi biyo mu, ta ce a gidan za ta mutu, kuma a can ta rasu. Usman, na san dalilin da ya sa ka bar makarantar unguwa a shekarar, ko da yake ka ce mini malamin lissafi ne.

Bara, bayan Abakar ya yi ciwon da ya shanye masa gefe ɗaya, ya aiko uwarku da takarda. Da hannun hagu ya rubuta ta, da ƙyar ake karantawa. A ciki ya rubuta maganar da Madam ta yi ranar Juma'ar nan, kalma da kalma, da Faransancinta, har da kalas ɗin ƙarshe. Ya sa hannu. Ashe ya riƙe. Ƙungiyar ta daɗe da rufewa, ba ofishin da zan kai takardar, ba wanda zai karanta ta ya mai da mini komai. Tana cikin akwatina, ku za ku gaje ta.

Uwarku kullum tana cewa in je in gan shi tun muna da rai. Na yi alwala na sa takalmi sau biyu, na kai bakin titi inda ake shiga mota, na dawo. Na san ni na fara hana shi duba abin da ya roƙa, na san ba shi ya buga takardar ba. Na san duk wannan, kuma ƙafata ta ƙi. Ku kawunku ne, bai yi muku komai ba. Ku je ku gaishe shi, ku kai masa abin da ya sauwaƙa, ku zauna ku ci abinci da shi. In ya tambaye ku ko ni na aiko ku, ku faɗa masa gaskiya. Ku ce ban aiko ku ba, amma na san kun zo.